Shaihu Umar a Ƙasar Zuru

Bayan bikin FESTAC na 1977, zazzaɓin wasan kwaikwayo ya kama makarantun Arewa. Duk makarantar da ke da ɗakin taro da 'yan ganguna sai ta kafa ƙungiyar wasa, kuma sunan da ya fi yawo a bakin malamai shi ne Shaihu Umar. Ba abin mamaki ba ne. Littafin marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, babu ɗan makarantar da bai san shi ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan dandamali, an buga a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ɗin ya fito a Shaihu, aka nuna wa baƙin duniya a Legas. Labarinmu da harshenmu ya shiga majigi, wa zai ƙi a ce makarantarsa ma ta taɓa?

A wannan yayi ne aka tura ni koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Zuru. Lokacin ba a daɗe da yanke ƙasar daga tsohon Lardin Neja an haɗa ta da Jihar Sakkwato ba, a 1976 ke nan; Jihar Kebbi kuwa sai a 1991. Abin da na sani game da Zuru kafin in zo bai wuce abin da kowane Basakkwace ya sani ba: garin soja, garin noma, garin kokawa. Na tarar da gari a gindin duwatsu, inda Hausa ce harshen kasuwa da bariki da masallaci da coci, amma da yara sun koma ɗakin kwana sai ka ji C'lela da Fakkanci da Dukkanci da Kambarci suna tashi. A gida ɗaya sai ka sami wa Musulmi, ƙane Kirista, kakansu yana nan a kan gargajiyarsa, kuma akushi ɗaya suke sa hannu.

Shugaban ƙungiyar wasanmu malamin Turanci ne, Bazazzagi, mai son abu ya ƙayatar. Ya ce shi ba zai tara iyayen yara su zauna sauraron dogon zance ba, kowane babban ɗan wasa sai an yi masa waƙa da kiɗansa. Haka kuwa aka yi. Sarki ya sami kakaki da tambari. Makau, mijin uwar Umar, ya sami gangar yaƙi da kirarin barde. Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da Umar Masar, aka sa masa bandiri. Uwar Umar kuwa aka tsara mata waƙar neman ɗa, sarewa tana bin ta, wadda ko a wurin gwaji sai ka ga yara suna share ƙwalla a ɓoye. Ni aikina kula da makaɗa, saboda haka a daren wasa ina zaune a gefen dandamali, fuskata tana wajen jama'a.

Mai karatu ya san inda labarin ya faro. Sarki ya tura baradensa hari ƙasar Gwari, suka kamo bayi suka dawo. Maƙiya suka ƙulla wa Makau sharri cewa ya ɓoye wasu daga cikin waɗanda ya kamo, aka ƙwace dukiyarsa aka kore shi. Daga nan gida ya watse: aka sace Umar yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har Kano, har Masar, uwarsa ta bi sawu, ita ma ta faɗa bauta. A littafin, harin gajere ne, ƙofar shiga labari ce kawai. A dandamalinmu kuwa shi ya zama babban fage, don nan ne ake da dawakin kara, da lifidin buhu, da takubban katako, da rawar barade. Mutanen ƙauyen da za a kai wa harin sai aka ɗebo 'yan aji ɗaya, saboda su ne ƙanana, masu sauƙin saɓawa a kafaɗa. A takardar rabon fitowa babu ko ɗayansu mai suna, "mutanen ƙauye" aka rubuta. Aka shafa musu toka, aka ɗaura musu ganye da fata, aka ce aikinsu uku ne: ihu, gudu, faɗuwa. Yawancin 'yan aji ɗayan nan kuwa 'ya'yan Dabai ne da Senchi da Manga da sauran garuruwan kewaye.

A Disambar 1978 aka yi wasan, cikin hunturu, an gama girbi, bikin Uhola ya ƙarato. Gaba manyan baƙi ne da hafsoshi daga bariki, tsakiya ɗalibai, baya kuma da bakin tagogi iyayen da suka taho a ƙasa daga ƙauyuka. Da barade suka fito da rawarsu, ɗaki ya ɗauki tafi. Da suka afka wa ƙauye, yara suka watse suna kururuwa, wani ya yi tuntuɓen ganganci, ɗalibai suka bushe da dariya. A bayan ɗaki kuwa ban ga haƙorin kowa ba. Wata tsohuwa ta miƙe tsaye ta ƙwala wata magana da C'lela, na kusa da ita suka ja zanenta ta zauna. Daga baya aka gaya mini jikanta ne aka saɓa a kafaɗa, ita kuma cewa take yi ya ciji mutumin.

Sauran wasan ya tafi yadda aka so. Waƙar uwar Umar ta sa gaba da baya kuka, aka tashi ana sam-barka. Sai da gari ya waye magana ta fito.

Wanda ya fara ɗaga ta maigadin makarantar ne, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, kowa Baba Saje yake ce masa. Ya tare mu a ƙofar ɗakin malamai, ya ƙame ya sara, sannan ya ce, "Malamai, sannunku da aiki, wasa ya yi kyau. Amma ina da tambaya. Mutanen nan da kuka sa suka watse kamar kaji sun ga shaho, 'yan wace ƙasa ne?"

Malamin Turanci ya ce, "Baba, ƙasar Gwari ce, haka littafi ya ce. Ba ku ake nufi ba."

Ya ce, "To, ni dai 'ya'yanmu na gani. Kuma dawakin da suka je wa Gwari, su ne suka zo mana."

Ba a ba shi kujera ba sai da ya yi nisa. Ya ce mahaifiyarsa tana yarinya ta ga hari da idonta, kuma ba haka ta ba su labari ba. Mutane a kan dutse suke kwana, a ƙasa suke noma. Ana ajiye mai tsaro a ƙololuwa, da ya hango ƙura sai ya busa ƙaho. Mata da yara su hau, maza su tsaya a mashiga da kwari da baka, kibiyoyi da dafi. Doki ba ya hawan dutse, maharan ma sun sani, shi ya sa ba sa zuwa da kiɗa da kirari. Laɓewa suke yi a daji su jira wanda ya yi nisa a gona, ko matan da suka sauko ɗiban ruwa. Wani lokaci su yi sa'a, wani lokaci su bar gawarwakinsu. Ya rufe da abin da ya fi damunsa: "Kun bi yaro ɗaya har Masar, da waƙa da komai. Yaran da Makau ya kamo fa, ina kuka kai su? Ba su da uwaye ne?"

Maganar ba ta tsufa ba kamar yadda mu baƙi muka ɗauka. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a 1864. Ɗansa Ibrahim ya hau a 1880, hare-harensa kuma sun taɓa Gwari da Kamuku da Kambari da Dukkawa da Dakarkari, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kontagora. Daga 1901 zuwa daren wasanmu shekara 77 ce. A cikin waɗanda suka tsaya a bakin taga akwai 'ya'yan waɗanda suka ji ƙahon nan da kunnensu. Su ɗalibanmu ma sun daɗe da zama a tsakanin labarai biyu: a aji muna karanta musu Ganɗoki na Bello Kagara, inda Sarkin Sudan Ibrahim yake gwarzon da ya ja da Nasara, su koma gida hutu su ji sunansa a wani irin labari dabam. Kuma duka biyun sun faru. Ya ja da Turawa, ya kuma kai hari.

Malamin tarihi, wanda ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello a zamanin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, dama yana da nasa ƙorafin a aljihu. Shi tun daga tufafi ya fara. Ya ce Larabawanmu sun yafa ƙyallen da alhazai ke dawowa da shi daga Makka, alhali fataken da suka riƙe cinikin Kano mutanen Gadamas ne da Tarabulus, shigarsu daban. Ya ce mun sa ayari ya ƙetare Sahara da rawa ɗaya, alhali tafiyar watanni ce ta Agadas da Gat, ko ta Murzuk, kuma bayi da yawa ƙasusuwansu a bakin rijiyoyi suka tsaya. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne Abdulkarim. Ya ce mutumin da ke safarar mutane, an ba shi bandiri da farar riga, ya riƙi yaro ɗaya kamar ɗansa, shi ke nan 'yan kallo sun tafi gida suna sa masa albarka. Ya kuma tuna mana asalin littafin: an rubuta shi ne don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga a 1934 tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Marubucin an haife shi a 1912, shekarar da ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa Kano da shigar Italiya Tarabulus, abubuwa biyun da suka karya ayarin Sahara. Wato bai ga hari ba, bai ga ayari ba, ji ya yi daga manya. Ga kuma gwamnatin Turawa da ke son a riƙa tuna cewa ita ta hana bauta. A ganinsa, duk wanda zai sa irin wannan labari a dandamali sai ya gaya wa jama'a wace ƙasa ya tsiro a kai.

Malamin Arabiyya bai yarda ba ko kaɗan. Dattijo ne mai sanyin murya, amma ranar har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Malam, kai littafin tarihi kake nema, shi kuwa bawan Allah wa'azi ya rubuta. Haƙuri da neman ilimi da yarda da ƙaddara, su ne darasin. Wa ya kalli uwar nan ya tashi yana son bauta? Jiya har hafsoshi na gani suna goge ido." Ya ƙara da cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa daga Gerawa yake, ƙaramar ƙabila ta ƙasar Bauchi, don haka ba a koya masa zafin abin da ya rubuta. A ce kuma ba a taɓa samun mai tausayi a cikin fataken Larabawa ba, wannan ma ƙarya ce ta wani gefen. Labari dai dole ya bi mutum ɗaya, in ya bi kowa ba zai isa ko'ina ba.

Malamin Turanci nasa ya fi sauƙi: wasa wasa ne, jama'a sun ji daɗi, wanda ke son shekaru da taswira ya je aji. Firinsifal kuwa abin da ke gabansa zaman lafiyar makaranta. Ya kira mu ofis ya ce akwai maimaici a ranar ba da kyaututtuka, kuma shi shawararsa a cire harin gaba ɗaya, Shaihu ya ambace shi da baki a wuce. Malamin tarihi ya ce, "Ranka ya daɗe, in an cire shi an ƙara ƙarya ne, ba a rage ba." A wannan kam shi da Baba Saje bakinsu ɗaya, domin shi ma Baban bai taɓa cewa a ɓoye ba. Cewa ya yi a nuna yadda aka yi.

Mafita daga ɗalibai ta zo. Wata 'yar aji biyar, wadda ba ta ma cikin ƙungiyar wasa, ta tsaya bayan darasi ta ce, "Malam, kowa a wasan nan yana da waƙa ban da mutanen ƙauye. A ba su tasu mana. Waƙa ai a bakin mai ita ta fi daɗi." Aka kai wa malamin Turanci, ya yi ɗan gunaguni, amma da yake mai son kiɗa ne bai iya ƙin ƙarin waƙa ba.

Yaran da kansu suka tsara fagen. Labule ya buɗe a gona, samari a jere da garemani suna noman golmo, wato aikin shekaru da saurayin Lelna (Dakarkari) ke yi wa surukansa kafin a ba shi mata. Suna huɗa suna waƙa da C'lela, 'yan mata suna amshi, wata tsohuwa tana tsokanar ango cewa kunyarsa ta karkace. An ɗauki lokaci a haka, har mai kallo ya san fuskoki, ya san wa ke son wa. Sannan ƙaho ya tashi daga bayan ɗaki. Barade suka shigo babu ganga. Aka gwabza, mahaya biyu suka faɗi, aka kama waɗanda suka yi nisa. Da ƙura ta lafa, uwaye suka fito suna kiran 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, babu mai amsawa.

Ranar, tun daga waƙar noma bayan ɗaki ya karɓi amshi, har makaɗana suka rasa jin junansu. Da aka zo kiran sunaye kuwa, ko 'yan ajin da suka yi dariya a karon farko ba su motsa ba. Abin da ba mu zata ba sai a fage na gaba ya faru. Makau ya durƙusa gaban sarki, ana yi masa ƙazafi, ya ɗauko waƙarsa ta wanda aka zalunta, wadda a Disamba ta jawo masa tausayin kowa. Sai wani daga taga ya ce, "Alhaki ne!" Ɗaki ya ɗauka. Ko harafi ba a sauya a maganar Makau ba, yaron da ya fito a shi ma shi ne dai, amma ya tashi daga mutumin kirki da duniya ta juya wa baya, ya koma mai kamun mutane da abokan sana'arsa suka cuta.

Gardama ba ta mutu ba, sabon fage ta samu. Malamin Turanci ya ce an ɓata masa wasa, domin in ba a tausaya wa Makau ba ginin labarin ya gurgunce. Malamin Arabiyya ya ce wannan kuma ba littafin marigayi ba ne, an sa masa magana a baki bayan ransa. Malamin tarihi, da muka zata zai yi murna, cewa ya yi an musanya wata ƙarya da wata: littafi ya ce Gwari, mun sa golmon Lelna, waƙar noman ma makon jiya aka tsara ta, kuma garuruwan dutse su ma ba kullum suke zaman lafiya da junansu ba, amma mun nuna su ba su san komai ba sai noma da soyayya. Na tambayi Baba Saje ko yanzu ya gamsu. Ya ce, "Ɗana, an yi ƙoƙari. Amma mahaya biyu sun yi kaɗan."

Shekaru da yawa bayan haka na ji irin wannan muhawara ta tashi a Amurka, a kan wasan waƙe-waƙen nan Hamilton na Lin-Manuel Miranda, wanda aka fara a Niyok a 2015. Wasan ya ba da tarihin Alexander Hamilton, ministan kuɗin ƙasar na farko, jama'a suka yi ta tururuwa. Masana tarihi suka ce an zuzuta ƙiyayyarsa ga bauta, alhali ya yi aure a gidan Schuyler masu bayi, kuma duk da cewa baƙaƙen fata ne suka fito a manyan matsayi, babu bawa ko ɗaya da aka ba baki ya yi magana. Annette Gordon-Reed ta Jami'ar Harvard ta ce tana son wasan amma tana da ja a kan tarihinsa. Marubuci Ishmael Reed har wasa ya rubuta na raddi a 2019. Masu kare shi kuma suka ce ya sa matasa sun koma karatun tarihi. Duk na san muryoyin nan, na ji su a ɗakin malamai a Zuru, da Hausa.

Abin da na tsaya a kai tun wancan lokaci shi ne, a wasan da ake rera tarihi, kuskuren rawani da na shekara ba su ne abin tsoro ba. Waɗannan mai ilimi ɗaya ya isa ya gyara su a aji, kuma babu ɗan kallon da ke kwana da su. Abin da ke bin mutum gida waƙa ce. Wanda aka ba waƙa, an ba shi zuciyar jama'a. Wanda aka bari da ihu kawai, an mayar da shi kayan fage, ko da kowace shekara da aka ambata daidai take. Saboda haka in za ka auna gaskiyar irin wannan wasa, kafin ka buɗe littafin tarihi, ƙirga waƙoƙin ka ga yadda aka raba su. Malamin tarihi yana da gaskiya cewa fagen golmo bai dace da takarda ba. Amma da shi ne 'yan kallo suka fita da sanin cewa hari mutane ake kai wa, kuma wannan ya fi kusa da abin da ya faru bisa ga toka da ganye.

Fim ɗin Adamu Halilu ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Matasa sun sake jin sunan Shaihu Umar, wasunsu kuma, har da 'yan Zuru, suna maganar sa tarihin garuruwansu a dandamali da kiɗa da rawa. Kayan aiki ba su rasa ba, duk wanda ya ga filin Uhola ya san akwai mawaƙa da makaɗa da masu rawa. Sai dai ranar da za su yi, ma'aunin da Baba Saje ya ɗora mu a kai zai hau kansu su ma. Mutumin Kontagora zai biyo hanyar Rijau ya zo kallo, zai zauna a bayan ɗaki, kuma shi ma yana da kakanni. A cikin baraden da aka turo akwai wanda shi kansa kamo shi aka yi, akwai wanda uwarsa ta jira shi bai koma ba. In aka fito da su da ihu da takobi kawai, babu suna babu waƙa, to shi ma zai tare marubucin a ƙofa da safe, kuma yana da hujja.